Yardar da Ba Zaɓi a Cikinta

In aka yi gardamar ƙwallo a filin firamare a Bobi, wannan ya ce ta shiga raga, wancan ya ce ta saman ƙarfe ta bi, a ƙarshe wajen wani dattijo ake zuwa. Abin da ke sa hukuncinsa ya zauna shi ne ɓangarorin biyu ne suka ce sun yarda da shi. Wanda bai gamsu ba yana iya cewa a je gaban mai unguwa.

To, ranar da wani yaro daga filin nan ya samu shiga babbar ƙungiya, irin Niger Tornadoes ta Minna, zancen ya sauya. Da ya sa hannu a kwantiragi, ya shiga ƙarƙashin dokokin hukumar ƙwallo ta Najeriya, NFF, da ta duniya, FIFA, su kuwa sun haramta kai yawancin rikicin ƙwallo kotun gwamnati. Sai dai kwamitocinsu, daga nan sai kotun wasanni ta CAS da aka kafa a 1984 a Lausanne, ƙasar Suwizalan. Ko ya sa hannu, ko ya rataye takalmi. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana, amma sunanta yarda?

Ba wasa ake da dokar ba. A Yulin 2014 FIFA ta dakatar da Najeriya bayan wata kotu a Jos ta tsoma baki a shugabancin NFF.

A 2018 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta duba ƙarar Claudia Pechstein, Bajamushiya 'yar tseren ƙanƙara, kotun ta ce yardarta da CAS ta dole ce, saboda haka wajibi ne a ba ta duk haƙƙin da kotu ke bayarwa, har da sauraron shari'a a bainar jama'a, wanda aka hana ta. Nan ne gaskiyar take a ganina: wanda ya toshe maka sauran ƙofofi, nauyin adalci ya ninku a wuyansa.

Sai maganar kuɗi. Samson Siasia, tsohon kocin Super Eagles, FIFA ta kore shi daga harkar ƙwallo har abada a 2019. Sai da ya yi ta neman gudummawa kafin ya iya biyan kuɗin ɗaukaka ƙara, CAS ta rage hukuncin zuwa shekara 5 a 2021. In Siasia ya sha wannan wuya, ina ga ɗan Bobi da ke bin albashin wata uku?

Iyaye, kafin yaro ya sa hannu, a samu mai karatu ya fassara masa takardar, a tambayi inda ake kai ƙara da wanda zai biya, a kuma karɓi kwafi a adana a gida.