Ƙafafun da ɓarayi suka bari a Kambodiya, da abin da ya shafi Damargu

Manomin Damargu, in yana aiki a gonar da ta hau tsohon kufai, yakan ci karo da tsingaro, ko dutsen niƙa da ya sha hannu, ko kashin maƙera, wani lokaci kuma da ɗan dutsen nan mai santsi mai baki, wanda muke kira gatarin aradu. Makiyayin da ya bi dabbobinsa arewa da damina yakan wuce tarin duwatsu da mutanen da suka jera bisa kaburburansu, ko wani fa mai zanen shanu da raƙuman dawa. A da ba mai kula da waɗannan abubuwa sai yara. Yau kuwa suna da masu saye, kuma mai sayen ba ya faɗa wa mai sayarwa inda kayan za su. Domin masu karatu su ga ƙarshen irin wannan ciniki, mun kawo labarin wata ƙasa mai nisa, wadda aka kwashe mata kayan tarihinta, sa'an nan ta samu dabarar karɓo wasu.

Masassaƙan daular Kimer

Kambodiya tana kudu maso gabashin Asiya, tsakanin Tailan da Laos da Biyetnam. Mutanenta ana kiransu Kimer. Tun daga shekara ta 802 suka kafa daula mai ƙarfi, wadda ta yi sama da shekara 600, babban birninta kuma shi ne Ankor. Sarakunansu sun karɓi addinin Hindu da addinin Buda, waɗanda duka biyu daga Indiya suka fito, suka riƙa gina manyan ɗakunan ibada na dutse. Mafi girma a cikinsu shi ne Ankor Wat, wanda sarki Suryabarman na Biyu ya gina a farkon ƙarni na 12 da sunan Bishnu, ɗaya daga cikin abin bautar Hindu. Daga baya mabiya Buda suka gaje shi. Hotonsa ne a kan tutar ƙasar har yau.

Dutsen da suka yi aiki da shi irin wanda yashi ya dunƙule ya zama ne, mai karɓar sassaƙa. Daga gindin tsaunin Kulen ake fasa shi, tafiyar kilomita kusan 40, a jawo shi ta hanyoyin ruwa da suka haƙa. Masassaƙi yakan fitar da mutum sukutum daga dutse guda, da kitson kansa, da ninkin zanensa, da ɗan murmushin da ya zama alamar aikinsu. A bangon Ankor Wat kaɗai akwai siffofin mata kusan 1.800, da adonsu iri-iri. Wanda ya san aikin yana iya bambanta su da kallo: mai hannu huɗu riƙe da ƙahon kodi da faifai, Bishnu ne, mai ido na uku a goshi, Shiba ne, wanda ke zaune bisa naɗin maciji, kawunan macijin bakwai sun yi masa laima, Buda ne. Sarki Jayabarman na Bakwai, da ya hau gado a 1181, mabiyin Buda ne, shi ya gina Bayon mai manyan fuskoki kimanin 200 masu duban kusurwa huɗu. Rubutun da ya bari a dutse ya ce asibitoci 102 ne a ƙasarsa.

Wani zai ce, ina ruwanmu da gumakan wasu? Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce, wanda ya adana irin wannan abu a gidan tarihi, shaida ya adana, kamar yadda alƙali ke adana takardar gona. Daga waɗannan duwatsu aka san sunayen sarakunan Kimer, da shekarun mulkinsu, da irin tufafinsu da makamansu. Mutanen Kambodiya kuma, waɗanda yawancinsu mabiya Buda ne, suna ganin su da wani ido dabam, na girmamawa ga kakanni.

Yadda aka kwashe su

Sata ta soma tun zamanin mulkin Faransa. A watan Disamba na 1923 wani saurayi Bafaranshe, André Malraux, ya je wani ɗan ɗakin ibada da ake kira Bantiyai Sirai, ya yanko siffofi daga bango da zarto, da nufin ya sayar. Aka kama shi a Pnom Pen, aka karɓe kayan, aka yi masa shari'a. Abin mamaki, wannan mutum shi ne ya zama ministan al'adu na Faransa daga 1959 zuwa 1969.

Amma babbar ɓarna ta zo ne da yaƙi. Daga 1970 ƙasar ta faɗa cikin yaƙin basasa, daga 1975 zuwa 1979 ta shiga hannun ƴan Kimer Ruj, bayan nan ma ba ta samu cikakken zaman lafiya ba sai wajen 1998. Inda hukuma ta janye, yunwa kuma ta shigo, sai ɗan ƙauye ya ɗauki guduma ya nufi kufan kakanninsa. A sa kaya a amalanken shanu, a ƙetare iyakar Tailan, daga can sai Landan da Niyu Yok, inda dillalai ke ƙirƙiro musu takardun ƙarya. Ɗan ƙauyen ya samu abin cefanen ƴan kwanaki, dillali ya samu na gina gida.

To, ga inda labarin ya juya. A wani tsohon birni da ake kira Ko Ker, wanda ya zama mazaunin sarauta daga 928 zuwa 944, akwai ɗakin ibada mai suna Parasat Cen. A cikinsa masassaƙan ƙarni na 10 sun tsayar da jarumai biyu na wani tsohon labarin Indiya, Bima da Duryodana, suna shirin gwabzawa, ga ƴan kallo a durƙushe kewaye da su. A farkon shekarun 1970 ɓarayi suka shiga. Da yake kowace siffa haɗe take da dakalinta, dakalin kuma yana da nauyin da ba ya ɗaukuwa, sai suka karya su daga idon sawu, suka tafi da gangar jiki, suka bar ƙafafu a inda suke.

Ƙafafun nan sun yi shekara talatin da wani abu a cikin daji. A 2007 wani mai gyaran tsofaffin duwatsu, Simon Warrack, ya gan su, ya gwada hotonsu da hoton wani jarumi maras ƙafa da ke gidan tarihin Norton Simon a Kaliforniya ta Amurka, sai karaya ta dace da karaya. A watan Maris na 2011 kuma sai ga ɗaya jarumin, Duryodana, a bangon littafin tallan gidan gwanjon Sotheby's na Niyu Yok, an sa masa kuɗi dalar Amurka miliyan 2 zuwa 3. Gwamnatin Kambodiya ta ce nata ne. Aka janye shi daga gwanjo, lauyoyin gwamnatin Amurka suka kai magana kotu a 2012, a ƙarshen 2013 aka daidaita, a 2014 jaruman biyu suka koma gida. Tun a 2013 babban gidan tarihin Metropolitan na Niyu Yok ya riga ya mayar da biyu daga cikin ƴan kallon nan masu durƙuso.

Daga nan zare ya soma warwarewa. Wani tsohon shugaban ɓarayi ya tuba, ya riƙa kai ma'aikatan gwamnati wuri-wuri yana nuna musu inda ya cire kaza, a shekara kaza, su kuma suna tono suna samun guntayen da suka rage. A 2019 kotun Amurka ta tuhumi Douglas Latchford, wani dillali ɗan Ingila mazaunin Bankok, da fataucin kayan sata. Ya mutu a 2020 kafin a yi shari'ar, iyalinsa suka amince su mayar da abin da ya tara. A watan Disamba na 2023 gidan Metropolitan ya sake ba da sanarwar mayar wa Kambodiya siffofi 14. A duk wannan gwagwarmaya, hujjar da ta fi aiki a gaban alƙali ita ce abin da ya saura a ƙasa, da hoto, da rubutu, da bakin wanda ya gani.

Namu na gida

Damargu ba ta da ɗakunan ibada na dutse, ba ta da Bima da Duryodana. Amma Nijar tana da nata sassaƙe. A Dabus, arewa da Agadas a kan hanyar Arlit, mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce sun sassaƙa raƙuman dawa biyu a kan fa, babban ya fi mita 5. A 1999 aka ɗauki siffarsu, aka zuba ta da sanholo, aka ajiye ɗaya a filin jirgin saman Agadas. A gabas da Tanut kuma ga tsaunin Tarmit, inda masu bincike suka samu zane a duwatsu da alamun tsohuwar ƙira.

Abin da ya fi kama da na Kambodiya shi ne na Bura, a ƙasar Tera cikin jahar Tilaberi. A 1975 aka gano wurin, a 1983 malam Boubé Gado na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai ya yi tono bisa ƙa'ida, ya samu ɗaruruwan tuluna na binne gawa, da kawuna da mahaya doki na gasasshen yumɓu. Da aka kai wasu baje kolin kayan tarihin kwarin Kwara a Paris a 1993, duniya ta gani ta yaba, ƴan kasuwa kuma suka gani suka sa kuɗi. Cikin ƴan shekaru aka bi maƙabartun yankin da diga da shebur. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura, na yumɓu da na dutse, cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. Sai dai a nan ɓarayi ba su bar ƙafafu ba. Tulun da aka tono da dare, ba hoto, ba rubutu, in ya bayyana a kantin Turai, da wuya a nuna ramin da ya fito, balle a san da me aka binne shi ko a wane zamani. Ko an dawo da shi, rabin labarinsa ya riga ya tafi.

Kwanan baya ma an ga irin wannan. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutse da ya faɗo daga duniyar Mars a jahar Agadas, nauyinsa kusan kilo 25. Ranar 16 ga Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a gidan Sotheby's ɗin nan dai na Niyu Yok, a kan dala miliyan 5,3, watau kusan miliyar 3 na kuɗin sefa. Gidan gwanjon ya ce an bi ƙa'ida wajen fitar da shi. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike, a watan Agusta kuma ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu.

Me ya kawo Damargu cikin wannan magana? Hanya. Tun zamanin ayari, wanda ya taso daga Agadas zai je Damagaram ko Kano, ta Damargu yake ratsawa, ya sayi hatsi, ya shayar da raƙuma. Ta nan Bajamushen nan Barth ya biyo a watan Janairu na 1851. Yau hanyar mota mai lamba 11 ta gaji hanyar ayarin, ta Tanut take bi, ga kuma hanyoyin daji masu ɓullowa Balbeji da kasuwannin Tarka. Abin da aka tsinta a arewa, in zai yi kudu, da yawansa ta gabanmu yake wucewa, cikin buhu, ƙarƙashin wasu kaya. Har ila yau, ƙasar kanta cike take da kufai, domin fari da yaƙe-yaƙe sun sha tashin garuruwa a nan, kuma kowane kufai yana riƙe da amsar tambayar da tsofaffi ke gardama a kanta: wa ya fara zama, wa ya haƙa rijiyar, daga ina maƙera suka zo.

Doka tana nan. Nijar da Kambodiya a shekara ɗaya, 1972, suka shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 mai hana fataucin kayan tarihi. Dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta hana tono da fitar da irin waɗannan kaya ba da iznin hukuma ba, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci abu ya sanar. A ganinmu, abin da doka ba ta iya yi da kanta shi ne rubutawa, kuma nan ne wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya fi jandarma da ɗan duwan amfani, domin shi ne ke kusa da gonar. In an ci karo da tulu ko kabari ko dutse mai zane, a bar shi a inda yake, kada a wanke shi, kada a kankare. A rubuta ranar, da sunan gonar ko rijiyar da ke kusa, da zurfin da aka same shi, da sunan waɗanda suka gani. Mai wayar salula ya ɗauki hoto tun abin yana cikin ƙasa, ya ajiye tsinken ashana ko takalmi a gefensa domin a gane girmansa. Sa'an nan a kai labari ga mai gari, shi kuma ya kai ga magajin gari ko perefe a Tanut ko Balbeji, su sanar da ma'aikatar al'adu ta jaha a Damagaram. Takardar kuma a yi ta biyu, ɗaya ta tafi, ɗaya ta zauna a hannun mai gari.