Kada a Ɗaure Fiyus da Waya

A ƙasar Karaye da Rogo, motar ƙungiya ba ta hutawa da kaka. Yau masara ce zuwa Dawanau, gobe rake, jibi taki. Tun da aka gama madatsar ruwan Challawa a 1992, masu noman rani sun ƙara mata aiki, ga tumatir ba ya jiran kowa. Saboda haka in fitila ta mutu da dare a hanyar Gwarzo, direba yakan yi abin da ya fi sauri: ya zare fiyus ɗin da ya ƙone, ya naɗa masa waya ko takardar kwalin sigari, ya mayar. Fitila ta kama, kowa ya yi murna. Mu kuwa muna roƙonku ku hana wannan, domin ta haka ne motoci suke cin wuta.

Ga yadda abin yake. Wuta tana fita daga batir mai bolt 12, ta bi waya zuwa fitila ko oda, ta yi aikinta, sa'an nan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. In robar waya ta sale, tagullar ciki ta taɓa bodi, sai wutar ta sami gajeriyar hanya, ta kwarara babu abin da zai tare ta. Wayar ta yi zafi, roba ta narke. Fiyus siririn ƙarfe ne da aka yi shi musamman domin ya riga wayar ƙonewa. Wanda ya ɗaure shi da waya mai kauri, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Kowane fiyus da lambarsa. A irin masu ƙafa biyu na motocin yanzu, ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In 10 ya ƙone, 10 za a sa. In sabon ya sāke ƙonewa, kada a ƙara lamba. Akwai inda waya take taɓa ƙarfe, sai a neme shi.

Neman ba ya bukatar na'ura mai tsada. A sami ƙwan fitilar birki, a haɗa masa wayoyi biyu. A cire fiyus ɗin da ya ƙone, a cusa wayoyin nan a ramukansa biyu. A kashe duk abin da ke cin wuta ta wannan fiyus, in ta kama a cire ƙwayayen fitilun, sa'an nan a murɗa makulli. In ƙwan ya haska sosai, cutar tana nan. Amfanin ƙwan shi ne, ba ya barin wuta mai yawa ta wuce, don haka ba abin da zai ƙone muddin ana bincike. Yanzu mutum ɗaya ya zuba wa ƙwan ido, ɗaya ya bi wayoyin yana girgiza su a hankali, yana zare mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Inda aka taɓa ƙwan ya mutu ko ya yi ƙifce, nan ne wurin. Aikin haƙuri ne, wani lokaci ya ci rabin yini.

A fara dubawa inda waya take ratsa ƙarfe, kamar tsakanin ɗakin inji da gaban direba, da maƙogwaron ƙofa. Gargadar hanyoyin ƙauye tana goga waya a bakin ƙarfe har ta yanke robar. A a-kori-kura, ko tsohuwar Peugeot 504 ce ko Hilux, a leƙa ƙarƙashin baya wajen fitilun birki, inda laka da ruwan damina suke shiga, inda kuma yaran mota suke ɗaure igiya. Kada a manta da ɓera. Motar da take kwana kusa da rumbu, da tsabar dawa a zube a cikinta, gidan ɓera ce, shi kuwa yana gaigayar robar waya. Har wa yau akwai kayan ƙari, watau fitilun ado da rediyo da aka ja musu wuta kai tsaye daga batir ba fiyus. Waɗannan sun fi kowanne haɗari.

In an ga wurin, kafin a taɓa kome a kwance kan batir mai alamar ragi, wanda ke haɗe da bodi. A cire agogo da zobe, kada kuma a ɗora sufana a kan batir. A yanke inda ya ƙone, a sa waya mai kauri daidai da ta dā, a haɗa da dalma, a naɗe da baƙin salatif, a ɗaure ta nesa da bakin ƙarfe da bututun hayaƙi. In wayoyi da yawa sun narke sun manne da juna, wannan ya wuce direba, sai a kai wa mai wayarin.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya: duk wanda aka aika Kano, ya biya Ƙofar Ruwa ya sayo fiyus na kowace lamba, da salatif, da ƙwan gwaji, da sufanar da ta dace da kan batir, a ajiye su cikin motar. In direba ya ji ƙaurin roba a hanya, ya tsaya nan take, ya kashe inji, ya sauke fasinja, ya kwance batir. In harshen wuta ya riga ya tashi kusa da fetur, a watsa ƙasa ko yashi, ban da ruwa.