Faifan da Ba Ya Ɗaga Murya

Kunnen mutumin ƙasar Sakkwato kunne ne da ya tashi a kan magana, domin tun zamanin Salihu Jankiɗi da Ibrahim Narambaɗa da Muhammadu Bawa Ɗan Anace, abin da ake auna mawaƙi da shi shi ne kirari da zambo da habaici da iya sarrafa harshe, kiɗa kuwa bara ne mai riƙe wa magana linzami. Idan aka saka waƙar Shago a bakin kasuwar Danchadi, ko a wata rumfar mai shayi a Boɗinga ko Shagari, za ka tarar da dattawa suna karɓe baitin tun kafin mawaƙin ya kai gare shi, alhali da wuya a sami wanda zai tsaya yi maka bayanin yadda kalangun yake tafiya. Saboda haka duk faifan da ya zo da harshen da ba mu ji, kuma bai zo da amon da zai tayar da mai rawa ba, nan da nan a kan yanke masa hukunci cewa ba shi da gishiri. Ina ganin an yi gaggawa a wannan hukunci, kuma hujjata wani makaɗi ne da birnin Sakkwato yake da hannu a tarihinsa.

Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga jihar Tawa ta Nijar, kuma bahago ne. Ya tashi a gidan da ba a yarda da kiɗa ba sabili da addini. Shi dai ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A shekarar 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar, da irin na'urar lanƙwasa murya da masu waƙoƙin finafinan Hausa suke amfani da ita. Waƙoƙin suka bazu cikin Sahara daga waya zuwa waya, ba kanti ba rediyo, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, wanda ya saka ɗaya daga cikinsu a wani tarin waƙoƙin wayoyin salula a 2011, sa'an nan ya shiga neman mai waƙar har ya same shi.

Shi wannan kamfani yana cikin jinsin ƙananan kamfanonin faifai masu zaman kansu, waɗanda suka yi ƙarfi a Ingila da Amurka tun ƙarshen shekarun 1970, irin su Rough Trade na Landan da Matador na New York, wanda daga baya ya fitar da faifan Mdou mai suna Afrique Victime a 2021. Fa'idarsu ita ce ba su cika tilasta wa makaɗi ya yi abin da kasuwa take so ba, shi ya sa a hannunsu ake samun faifai mai sanyi irin Sousoume Tamachek, wanda Mdou ya ɗauka a birnin Portland aka fitar a 2017, shi kaɗai, yana kaɗa kowane abin kiɗa da kansa, yana kuma yi wa kansa amshi.

To, a nan ne ake bukatar natsuwa. Wanda ya kasa kunne zai fara jin tsirkiya ɗaya mai kauri tana maimaita amo guda ba fasawa, ita ce ginshiƙin waƙar. A bisanta kuma sauran yatsu suna kai da komo a kan siraran tsirkiyoyi kamar ƙoshiya a hannun masaƙi, suna maimaita jumla ɗaya sau da yawa, amma kowane zagaye da ɗan abin da aka ƙara ko aka rage, wani lokaci bugu ɗaya tak da aka jinkirta. Muryar tana shigowa ƙasa-ƙasa, ba ta neman rinjayar jitar, har ma takan yi shiru ta bar tsirkiya ta ƙarasa zancen. Hakika wanda ya saba da molo da gurmi, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ba zai ji baƙunci ƙwarai ba, domin wannan salo ya sha daga kiɗan takamba da ake yi da wani dangin molo, kuma matakan sautinsa biyar ne, kamar yadda akasarin kiɗanmu yake.

Abin da ke hana mu jin daɗinsa, a ganina, ya fi ga yadda muke saurare. Yaro ya kai memori wurin mai tura waƙa, a cika masa ɗaruruwa a cakuɗe, ya saurari rabin wannan ya tsallaka waccan ta ƙaramar lasifikar waya, wadda ba ta iya fitar da amon tsirkiyar nan mai kauri ko kaɗan. Faifai kuwa abu ne da aka jera bisa tartibi, waƙa ta farko tana share wa ta biyu hanya, kuma haƙƙinsa ne a ji shi daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, da abin sawa a kunne in da hali, a lokacin da gari ya yi tsit bayan lisha.

Wanda ya ji Sousoume Tamachek ya gamsu, sai ya nemi Tears of Injustice na 2025. Juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli na 2023 ya rutsa da Mdou da abokan kiɗansa suna Amurka, hanyar komawa gida ta toshe, sai suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a Brooklyn suka sake kaɗa waƙoƙin faifansu mai zafi, Funeral for Justice, da jita marar lantarki. Ni dai na fi son Tears of Injustice, domin a cikinsa ana jin motsin kowane yatsa a kan tsirkiya, abin da ƙarar lantarki ta binne a Funeral for Justice.