Albarushi ko cefane: rigimar da ke biyo bayan kaka a Sabon Maci

Da zarar an gama ɗaure damman hatsi an kai rumbu, sai kuɗi su ɗan zagaya a Sabon Maci da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wake ya shigo kasuwa, gyaɗa ta shigo, masu saye daga Maraɗi sun zo da motocinsu. To a daidai wannan lokaci ne ake samun wata irin rigima a cikin gidaje wadda ba kasafai take kaiwa gaban maigari ba, amma duk wata 'yar kasuwa ta san da ita. Maigida ya sayar da wake buhu biyu, uwargida ta zuba ido tana jiran kuɗin suturar yara, sai ga shi ya yi sallama da bindigar farauta a kafaɗa, ko kwikwiyo a hannu, ko sabon sirdi.

Ba mu zo don mu ci mutuncin mafarauta ba. Farauta sana'a ce mai asali a ƙasar Hausa, kuma garuruwa da dama tarihinsu ya nuna maharbi ne ya fara saran dajinsu. A da, wanda ya fita da kwari da baka ko da adaka yakan dawo da abin da gida zai ci har a aika wa maƙwabta. Bindiga a wancan zamani jari ce kamar garma.

Amma mai karatu ya dubi dajin da ke tsakanin Maraɗi da Dakoro a yau. Gona ta haɗe da gona. Inda barewa ke kiwo a zamanin kakanninmu, yanzu gero ne da wake. Abin da ya saura wa mai bindiga bai wuce zomo da zabon daji da fakara ba, su ma sai an yi yini ana yawo. Namun dajin da suka rage a wannan yanki sun fi yawa a gandun Gadabeji da ke arewa da Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, mai faɗin kimanin hekta 76,000. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take karewa a 2017, sannan a 2018 aka kwaso raƙuman dawa takwas daga yankin Kure aka sake su a can. Harbi a cikinsa haramun ne baki ɗaya. Ko a wajensa ma, dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ɗora wa mai farauta da bindiga neman takardar izini, kuma ita kanta bindigar tana da tata takardar. Wanda ma'aikatan gandun daji ko jandarmomi suka kama babu waɗannan takardu, ga asarar bindiga ga tara, kuma sau da yawa akuyar matarsa ce ake ja zuwa kasuwa don a fanso shi.

Ke nan ga mafi yawan magidanta a yau, farauta ta tashi daga sana'a ta koma sha'awa. Sha'awa kuwa ba laifi ba ce. Mutumin da ya sha ranar damina yana noma ya cancanci abin da zai faranta masa rai da rani. Wani doki ne nasa, wani tattabaru, wani kuma ba a yin gasar kokowar takobi bai biya mota ya je kallo ba, ko a wace jiha ake yi. Matsalar ita ce waɗannan abubuwa ba ranar saye kaɗai suke ci ba. Bindiga na son albarushi da harsashi da gyaran maƙeri. Karnuka na son dawo, kuma daga turmin uwargida yake fitowa. Doki kuwa kowa ya san shi, harawa da dusa da hatsi, safe da yamma, ko an hau shi ko ba a hau ba.

Bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce mutum jaka ɗaya tak yake kashewa a kan sha'awarsa kowace ranar kasuwa. Ba ya jin ta, don dala ɗari biyu ce. Amma kafin shekara ta zagayo ya kashe jaka 52. Sai kowace mai karatu ta auna da kanta tiya nawa ta gero wannan kuɗi zai saya a watan da hatsi ya yi tsada.

Wani hanzari ba gudu ba, akwai masu cewa ba don zomo suka sayi bindiga ba, don tsaron gida ne. Ba za mu yi musu dariya ba. Tun wajen 2019 kowa ke jin labarin ɓarayin shanu da masu satar mutane a Madarunfa da Gidan Rumji, kuma tsoro ba ya neman izini kafin ya shiga gida. Sai dai gaskiya ɗaya ce, harba-ka-ruga ba ta iya tsayawa gaban masu manyan bindigogi. Abin da ta fi yi shi ne zama a ƙuryar ɗakin da yara ke shiga suna fita. Nijar tana da hukumar tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida tun 1994, don haka wanda ya ɓoye irin wannan makami ya ajiye wa iyalinsa abin fargaba biyu.

A ganinmu, gindin rigimar yana ga tambayar daga wace jaka kuɗin suka fito. A tsarin gidajenmu na jihar Maraɗi akwai gandu, akwai gamana. Amfanin gandu na gida ne, maigida ke riƙe da shi. Amfanin gamana na mace ne. A gidaje da yawa, bayan kaka maigida kan rufe rumbun gandu sai faɗuwar ruwa, wani ma ya tafi cin rani, mace ta ci gaba da riƙe tukunya da hatsin gamanarta da ribar ƙuli-ƙuli ko ƙosai. Hikimar rufe rumbun ita ce a samu abin ci lokacin noma. To idan rumbun da aka hana mace taɓawa shi ne aka buɗe ta baya aka sayi bindiga, me ake so ta ce? Ita ta ciyar da gida wata biyar, shi ya ciyar da karnuka.

Malamanmu ba su ɓoye hukuncin ba. Ci da sha da sutura da wurin kwana a wuyan miji suke, dukiyar mace kuwa tata ce, sai abin da ta bayar da daɗin rai. Kalmar "ara mini" da ba a biya, ita ce ta karya jarin mata da yawa a kasuwanninmu.

Nan ne asusun mata ya yi rana. A jihar nan ta Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke zubi duk mako cikin akwati mai makulli, su ba juna rance, su raba a ƙarshen zagaye. Tsarin ya bazu har ƙasashen Afirka da dama. Wani amfaninsa da ba a cika faɗa ba shi ne kuɗin da ke cikin akwati ba sa ƙarƙashin katifa, kuma mace na iya cewa maigida, malam kuɗin suna asusu, ba tare da ta yi ƙarya ko ta yi rashin kunya ba. Waɗanda suka ga yunwar 2005, lokacin da aka cika cibiyoyin jinyar yara masu tamowa a Dakoro da Maraɗi, sun san abin da 'yar ajiya ke yi wa gida.

Kada kuma maza su ce mun ɗaure wa mata gindi. Anko a kowane biki, da tara kwanonin da ba a cin abinci a ciki, da rancen asusu don a fita kunyar ƙawa, duk sha'awa ce, kuma tana cin jari kamar yadda albarushi ke ci. Bambancin shi ne galibi mace daga nata take kashewa.

Gidajen da muka ga suna zaune lafiya da wannan al'amari ba wata dabara mai wuya suke yi ba. Ranar da aka gama kai amfani gida ake zama a ƙirga damman da za su kai iyali wata kakar, a ware iri, a ware na lakwal da na likita. Abin da ya yi saura, maigida ya sayi sirdinsa ko harsashinsa da sanin matarsa. Wasu ma kan keɓe rago ɗaya na turka, su ce ribarsa ita ce ta sha'awa, idan ta ƙare shi ke nan sai baɗi.

Ga 'yan kasuwa kuma akwai wani lissafi. Jar akuyar Maraɗi tana haihuwa, sau da yawa tagwaye, kuma ranar da yaro ya kwanta da zazzaɓi ana iya jan ta zuwa kasuwar Sabon Maci ko ta Kornaka a dawo da kuɗi kafin azahar. Doki ma yana da dillalai. Bindiga ba ta da rumfa a kasuwa. Wanda ya matsu sai ya bi dare yana neman mai saye a ɓoye, ya karɓi abin da aka ba shi, kuma bai san hannun da za ta faɗa ba.