Ɗigon ruwan da ke zaɓa wa mai sankarar mama magani

A manyan asibitocin Manchester da Birmingham da ke Ingila, likita ba ya yanke shawarar maganin da zai bai wa mace mai sankarar mama sai ya ji daga ɗakin gwaje-gwaje. A can ne ake yanka tsokar da aka ciro daga jikinta siriri ƙwarai, a shimfiɗa a kan gilashi, sannan a ɗiga mata wani ruwa mai ɗauke da sinadarin garkuwar jiki. Sinadarin ba ya manne wa komai sai furotin guda da ake kira HER2, wanda ke zaune a bangon ƙwayar halitta yana karɓar saƙon da ke umurtarta ta hayayyafa. Idan furotin ɗin ya yi yawa, bangon ƙwayoyin kan rine ya koma ruwan kasa a ƙarƙashin madubin likita.

Kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu sankarar mama ne ke da wannan yawan furotin. Su ne maganin Herceptin ke yi wa amfani, kuma a ranar da hukumomin Amurka suka amince da shi a watan Satumba na 1998 suka amince da gwajin da ke tantance wadda ta cancanci samunsa. Ba shi ga wadda ba ta da HER2 mai yawa asarar kuɗi ce, ga kuma hatsarin da yake da shi ga zuciya.

Manchester ta daɗe da sanin wannan darasi. A asibitin Christie ne Dokta Moya Cole ta fara gwada maganin tamoxifen a kan masu sankarar mama, kuma a sakamakon da aka wallafa a 1971 mata 10 kacal daga cikin 46 ne suka samu sauƙi a fili. Daga baya aka gane cewa maganin na aiki ne a kan ciwon da ke da wani makarɓin saƙo na daban. Ke nan magani, komai ingancinsa, yana bukatar a san wa za a ba.

Dabarar samar da irin wannan sinadari iri guda kuma da yawa ta fito ne daga Cambridge a 1975, a hannun César Milstein da Georges Köhler, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1984. A Birmingham kuwa abin ya zama sana'a. Masu bincike daga jami'ar birnin sun kafa kamfanin The Binding Site a 1986, suna samar da sinadaran garkuwa daga jikin tumaki domin gwaje-gwajen jini, ciki har da na sankarar ɓargo. Kamfanin Thermo Fisher na Amurka ya saye shi a 2023 a kan fam biliyan 2.25.

Sai dai duk wannan fasaha tana iya rushewa tun a ɗakin tiyata. Ƙa'idar masana ita ce a saka tsokar cikin ruwan fomalin kafin sa'a guda ta cika, ta kuma zauna ciki tsakanin sa'o'i 6 zuwa 72. In aka bar ta a kan tebur cikin zafi, ko aka yi mata doguwar tafiya daga ƙaramin asibiti zuwa Kano ko Zariya ba tare da kulawa ba, furotin ɗin kan lalace, gwaji ya nuna babu alhali akwai. A nan ne, a ganina, asibitocinmu suka fi bukatar gyara, domin fomalin da agogo ba su kai tsadar magani ba.

Lamarin ya ƙara nauyi a 2022, lokacin da wani babban bincike ya nuna cewa maganin Enhertu na taimaka wa matan da HER2 ɗinsu kaɗan ne, waɗanda a da ake lissafa su da marasa shi. Bambancin da ke tsakanin maki 0 da maki 1+ a kan gilashi ɗan dishi-dishin launi ne, kuma idon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne ke rarrabe shi.