Ɗaliban Jami'a da Gidan Big Brother: Kallo Ne ko Darasi?

Duk wanda ya shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a Legon ko Kumasi ko Tamale lokacin da ake nuna shirin Big Brother Naija, zai tarar da muhawara ta yi zafi. Cikin masu kallon har da 'ya'yanmu na Zango, kuma sau da yawa iyaye ba su san abin da ake nunawa ba.

An fara wannan shiri a ƙasar Holan a 1999. Ana tara samari da 'yan mata a gida guda, a rufe ƙofa, a kafa kyamarori dare da rana, masu kallo kuma su riƙa jefa ƙuri'a, ana korar mutane har a bar gwani ɗaya. A 2003 aka fara Big Brother Africa, inda aka haɗa mutum 12 daga ƙasashe 12, har da Ghana da Nijeriya, a birnin Johannasbag. Cherise Makubale ta Zambiya ce ta lashe dala 100,000. A shekarar nan majalisar dokokin Malawi ta hana nuna shi saboda rashin ɗa'a, amma kotu ta soke hanin. Na Afirka ya tsaya a 2014. Na Nijeriya kuwa, wanda aka fara a 2006, ya dawo a 2017.

Ra'ayin ɗalibai ya kasu. Wasu na ganin nishaɗi ne kawai bayan wahalar karatu, kuma mai hankali ba ya canza hali don ya kalli talabijin. Wasu na ganin hanyar arziki ce, suna kafa hujja da Laycon, wanda ya gama Jami'ar Legas ya kuma ci gasar 2020. Kashi na uku, waɗanda akwai Musulmi da Kirista a cikinsu, suna ƙyamar shaye-shaye da tsiraici da cuɗanyar maza da mata da ake nunawa.

Abin lura shi ne, yawancin masu kare shirin kan ce su dai ba zai ɓata su ba, sai dai ƙannensu. Kowa na hango haɗarin a kan wani. Ga kuma batun gaskiyar abin da ake gani: masu shirin ne ke zaɓar mutanen, su ne ke yanke abin da za a maimaita, kuma rigima ce ke jawo ƙuri'a da tallace-tallace. Mai natsuwa ba kasafai kyamara ke bin sa ba.

Hana kallo da ƙarfi ya yi wuya yanzu, tunda abin ya koma cikin wayar hannu. Abin da ya rage wa iyaye da malaman Zango shi ne zama da yara a tambaye su: wa kuke so a gidan, kuma don me? Amsarsu za ta nuna inda tarbiyya ta tsaya. A kuma tuna cewa talabijin ɗin nan ne ke nuna gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare, wadda aka fara a Ghana tun 1993. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.