Zaɓen Nama da Shirya Shi Domin Gashi a Ranar Wasan Ƙwallo

Fawa tana daga cikin tsofaffin sana'o'in Bahaushe, kuma tana da shugabanta na gargajiya, wato Sarkin Fawa. Kamar sauran sana'o'i, ita ma takan bi sauyin zamani. Yaɗuwar gidajen kallon ƙwallo a garuruwa da ƙauyuka, kamar Zinyau ta ƙaramar hukumar Rano da maƙwabciyarta Kibiya, ta buɗe wa mai tsire wata kasuwa wadda kakanninsa ba su san ta ba. Manyan wasannin zakarun Turai sukan fara da ƙarfe 8 ko 9 na dare agogon Nijeriya, hutun rabin lokaci kuwa minti 15 ne kacal. A wannan ɗan taƙi ne 'yan kallo kan fito su yi wa tukuba dafifi. Wanda bai shirya ba sai ya kwana da nama, kwanan nama kuwa karyewar jari ce.

Haɗa gashi da kallon wasa ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yi ba. A Afirka ta Kudu ana kiran gashin nama a kan garwashi da suna braai, kuma iyalai da abokai kan taru su yi shi a ranakun wasan ƙwallon ƙafa ko na zari-ruga. Har ma akwai masu kiran ranar 24 ga Satumba, wadda take ranar hutu ta tunawa da al'adun gargajiya a ƙasar, da ranar braai. A can ne Nijeriya ta ci Kofin Afirka na 2013, bayan ta doke Burkina Faso da ci ɗaya mai ban haushi a Johannesburg. Bambancin shi ne, a can galibi maigida ne ke tsayawa a bakin wuta, a nan kuwa aikin na mahauci ne, ɗan kallo nasa saye da ci.

Zaɓen Dabba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin tsire yana farawa ne tun daga kara, kamar ta Wudil da ke ci ranar Juma'a. Ƙwararren mahauci yakan dubi idon dabba da hancinta da sheƙin gashinta, ya lura da tafiyarta da yadda take tuƙa, sannan ya dafa gadon bayanta da gindin wutsiya don ya ji ko ta yi kitse. Tsohon sa da ya sha huɗa namansa yakan yi jijiya, ya fi dacewa da tukunya fiye da tsinke. Ɗan maraƙi kuma namansa ruwa-ruwa ne, yana taɓa wuta sai ya tsuke. Matsakaici ake nema.

A nan ne kwaɗayin riba kan ja wasu su sayi dabbar da ciwo ya kayar, don an karya mata farashi. Araha ba ta ado. Shari'a ta haramta mushe, kuma ilmin lafiya ya nuna cewa cututtuka irin su tarin fuka na shanu da ciwon saifa suna iya kama mutum daga dabba. An tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a watan Yulin 2023. Shi ya sa ake son a yanka a mayanka, inda jami'in lafiyar dabbobi zai duba huhu da hanta kafin a fitar da nama.

Zaɓen Nama

Nama mai kyau ja ne mai sheƙi, ba ya yauƙi, ba ya tashin wari, kuma in an danna shi da yatsa sai gurbin ya ciko. Wanda ya yi duhu ko ya soma kore-kore a gefe, an wuce wurin.

Kowane sashe da abin da ya dace da shi. Tsokar cinya da ta gadon baya su ne na tsire, domin suna yankuwa fale-fale kuma jijiyarsu kaɗan ce. Haƙarƙari da ƙirji da karfata, musamman na rago, sun fi kyau a balangu, saboda kitsensu yana narkewa a hankali ya jiƙa naman. Tozo kuwa ba a yi masa ciniki mai tsawo, masu shi sun san kansu. Hanta da ƙoda suna nuna da wuri kuma su ne farkon lalacewa, don haka ake ware musu tsinke dabam a sayar da su tun da fari. Kilishi ba ya cikin lissafin ranar wasa, domin shanya da labu suna bukatar lokacinsu.

Yanka da Yaji

Bayan an feɗe, sai a cire jijiya da tantani, a yanka tsoka siriri kuma faffaɗa. Kaurin ya zama ɗaya, in ba haka ba wani yanki zai ƙone alhali wani yana ɗanye. Sai a soka a tsinke, ana sa ɗan kitse a tsakani.

Ginshiƙin yajin tsire shi ne garin ƙuliƙuli, a haɗa da barkono da citta da gishiri da ɗanɗano, wasu su ƙara masoro da kanumfari da kimba. Kowane gida da awonsa, kuma ba kasafai ake faɗa wa bare ba. Amfanin ƙuliƙuli ya wuce daɗi: yana lulluɓe naman ya kare shi daga bushewa. To amma ƙuliƙulin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa yana ɗauke da guba mai cutar da hanta, wadda zafin gashi ba ya kawar da ita. Akan turbuɗa tsinke a garin, a yayyafa man gyaɗa, a bar shi ya ɗan jima kafin a kai wuta.

Wuta da Lokaci

Garwashi ke gashi, harshen wuta ƙonawa yake yi. Akan kafa tsinkaye a kewayen tukuba, ko a jera su a kan waya, ana juyawa ana shafa mai. Itace mai nauyi kamar ƙirya da marke ya fi riƙe wuta. Hura ta da leda ko roba ganganci ne, domin hayaƙin yana shiga naman.

Babban abin lura shi ne zafin gari. A watan Afrilu yakan kai maki 40 a ƙasar Kano, ƙwayoyin cuta kuwa sun fi hayayyafa tsakanin maki 5 da 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa 2, kuma a dafa nama har cikinsa ya kai maki 70. Inda babu firji, dabarar ita ce a daidaita yawan nama da girman wasa, a riƙa gasawa kashi-kashi. Kashin farko ya nuna kafin a take wasa, na biyu ya sauka daidai hutun rabin lokaci, na uku kuma a ajiye shi a gefen wuta yana ɗumi. Wannan na ƙarshe shi ne mai kasada, domin magoya bayan da aka ci sukan wuce gida ba tare da sun ko dubi tukuba ba.

Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanye da su ba a yanka gasasshe da su sai an wanke. Haka nan takardar siminti da tsohuwar jarida ba abin naɗe abinci ba ne. Farar takarda mai tsabta ta fi, tare da albasa da tumatir da aka yanka a lokacin.